Santsin Waya Ba a Kwali Yake Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin shagon waya a Farm Centre ta Kano ya san tambayoyin da mai saye ke jerowa. RAM nawa ne? Memori fa? Kyamara tana fitar da mutum? Batir yana kwana? Mai shago kuma amsarsa a bakinsa take: "Alhaji, takwas da takwas ce, sha shida ke nan, wannan ba ta san hangin ba." A biya, a liƙa gilas, a yi sallama. Bayan wata uku sai ka ji mai wayar yana mita, wai in yana jan hira a WhatsApp sai ta cije, ta tsaya, ta zabura. In ya koma shago a ce masa bairos ne, ya kawo a yi mata fulashin.

Ni dai ra'ayina shi ne, santsin da yatsa ke ji a fuskar waya yawancinsa ba daga lambobin jikin kwali yake fitowa ba. Daga wani hukunci yake fitowa, wanda wayar ke yankewa sau dubbai a kowane sakan: cikin ayyukan da ke jiran furosesa, wa zai fara, wa zai dakata, kuma a kan wace ƙwaƙwalwar furosesa za a ɗora shi. Ƙa'idar wannan hukunci mutane ne suka rubuta ta, a Google da kuma kamfanonin da ke ƙera wayoyin, kuma suna iya sauya ta bayan ka riga ka biya kuɗinka. Fifita wani aiki a kan wani ba laifi ba ne, tilas ne ma. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi fifikon a ɓoye wa mai waya.

Fuskar waya hotuna ne tsayayyu take jerawa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. A yawancin wayoyi hoto 60 take saukewa a sakan ɗaya, wato kowane hoto yana da milisakan 16.7 kacal. Ka ɗora babban yatsa ka ja jerin hira sama. Gilashin ya ji inda yatsan ya kai, a kai wa manhajar labari, ta lissafa wane saƙo zai ɓace ta sama, wane zai leƙo ta ƙasa, ta auna tsawon rubutu, ta miƙa wa sashen zane. Sashen zane ya tura wa injin hoto na cikin wayar. Daga nan wani ma'aikacin Android mai suna SurfaceFlinger ya haɗa wannan da layin agogo da alamar batir na sama, ya miƙa wa gilashi. Kowane mataki da wa'adinsa, gilashin kuma ba ya jiran kowa. Lokaci na cika, in sabon hoto bai iso ba, sai ya sake nuna tsohon. Wannan maimaicin shi ne cijewar da ake ji. Ido kuwa ba jinkiri ya fi tsana ba, rashin daidaito ya fi tsana. Fim ɗin silima hoto 24 ne kawai a sakan, amma da yake tazararsu ɗaya ce ba wanda ke cewa yana cijewa. Waya mai sauke 58 cikin 60, ta zubar da biyu a daidai lokacin da yatsa ke tafiya, ita ce ake jefarwa kan katifa da tsaki.

Da a ce zanen fuska shi kaɗai ne aikin wayar, da babu magana. Amma a lokacin da kake jan hirar nan, wani bidiyon biki yana saukowa daga guruf ɗin dangi, Play Store yana duba ko akwai sabuntawa, manhajar hotuna tana tantance fuskokin da ka ɗauka jiya, wata manhajar da ka manta ka saka tana neman tallar da za ta nuna maka. Kowace manhaja takan raba aikinta zuwa ƙananan layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, waɗanda masu sana'ar ke kira zare. A waya guda akan sami zare dubbai, yawancinsu suna barci, amma a kowane lokaci wasu sukan farka su nemi furosesa. Furosesar kuma ƙwaƙwale takwas gare ta a mafi yawan wayoyin yau. Wanda ke raba waɗannan takwas ga masu nema wani sashe ne a can cikin zuciyar babbar manhajar wayar, wato Android, mai rabon lokaci.

Zuciyar Android ba don waya aka fara gina ta ba. Linux ce, wadda Linus Torvalds ya faro a Finland a 1991, ta yi girma a kan kwamfutocin tebur da manyan injinan da ke hidimar mutane da yawa lokaci guda. A can, babban abin so shi ne kada wani ya cinye rabon wani. Mai rabon lokacin da Ingo Molnár ya rubuta, wanda ya shiga Linux a 2007, shekara guda kafin wayar Android ta farko ta fito, a kan wannan aƙida aka gina shi: a riƙa lissafa abin da kowane zare ya ci, a ba wanda aka fi tauyewa. A 2023 an maye gurbinsa da wani sabo, amma tushen bai sauya ba. To, a waya wannan adalcin cuta ne. Ka ɗauki mai injin markaɗe da ya rantse kowa minti ɗai-ɗai zai samu, a zagayo. Ga yarinya da ƙwaryar waken ƙosai, uwarta ta riga ta ɗora mai a wuta. Ga wata da bokiti uku na geron kunun bikin jibi. In ya raba musu daidai, mai bokiti ba ta ƙaru da komai ba, mai kuwa ya ƙone. Zaren da ke zana fuska shi ne mai waken: aikinsa kaɗan ne, amma yanzu-yanzu ake so.

Don haka Android take raba wa zaruruwa lamba. Linux tana da matakai 40, daga -20 zuwa 19, kuma mai ƙaramar lamba shi ke da babban rabo. Zare na yau da kullum yana kan 0. Aikin bayan fage an ce a sa shi a 10. Zanen fuska yana da -4, zanen gaggawa -8, sauti -16, sautin gaggawa -19. Lambobin suna kama da na kusa da juna, amma tazarar ba ƙarama ba ce, domin kowane mataki yana ƙara nauyi da kusan kashi 25 cikin ɗari a kan na bayansa. Nauyin 0 shi ne 1024, na 10 kuma 110. In su biyun suka haɗu a ƙwaƙwalwa ɗaya, na farko zai kwashe kusan kashi tara cikin goma. Bayan lamba kuma akwai rukuni. Bayanan da Google ya rubuta wa masu gina manhaja sun ce rukunin abin da ke gaban mai waya yana samun kusan kashi 95 na lokacin furosesa, rukunin baya ya raba kashi 5 da suka rage. A lura da yadda aka ɗora sauti a saman hoto. Wannan ba kuskure ba ne. Hoto ɗaya ya zube, mutum ya ɗan yatsina fuska ya wuce. Sauti ya tsinke na ɗan ƙiftawar ido a tsakiyar karatu ko waƙa, kunne zai ji ƙas, kuma ba ya mantawa.

Ba a dare ɗaya aka kai nan ba. Waɗanda suka riƙe Android ta farko-farko suna tuna yadda masu iPhone ke musu dariya. A 2012, da Android 4.1, Google ya fito da shirin da ya kira Project Butter, wanda ya ɗaure duk aikin zane da bugun agogon gilashi, ya kuma sa furosesa ta zabura da zarar yatsa ya taɓa fuska. A 2014, da Android 5.0, aka ware wa zane zarensa na daban, don motsi ya ci gaba ko da babban zaren manhaja ya ɗan shagala. Apple ma a shekarar ya ba masu gina manhaja azuzuwan fifiko, daga abin da mutum ke taɓawa yanzu har zuwa aikin da ba wanda ke jira.

Mai karatu zai ce, to mene ne abin wahala? A ba zanen fuska fifikon da ya fi na kowa mana, a huta. Injiniyoyin Android sun gwada, kuma abin da ya faru shi ya fi komai koyar da ni a wannan batu. Linux tana da wani aji na musamman a saman waɗancan matakai 40, wanda duk zaren da ke cikinsa, da zarar ya farka, yana ture kowa ya hau, kuma ba ya sauka sai ya gama ko wani da ya fi shi ya zo. A Android 7.1, a 2016, an saka SurfaceFlinger a wannan aji, aka ga amfani. Sai aka gwada saka babban zaren manhajar da ke gaba da zaren zanenta. Cijewa ta ragu, amma buɗe manhaja ya ƙara jinkiri da kusan kashi 30 cikin ɗari. Dalili kuwa shi ne ƙwaƙwalen furosesa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Tun da kamfanin ARM ya fito da tsarin haɗa manya da ƙanana a 2011, wayoyi suka koma ɗauke da wasu ƙwaƙwale masu ƙarfi da cin batir, da wasu masu sanyi da tattali. Helio G85 na MediaTek, wanda ke cikin wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa a kasuwanninmu, manya biyu gare shi da ƙanana shida. Mai kula da wancan aji na musamman a lokacin bai san wannan bambanci ba. Shi dai ya ga ƙwaƙwalwa babu kowa, sai ya jefa zaren a kai, ko da ƙarama ce. Zaren ya samu shiga da wuri, amma a hannun rarrauna. Aka bar wannan tsari a kashe, aka koma ɗaga manhajar da ke gaba zuwa -10 a cikin matakan da aka saba.

Akwai kuma tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Zare mai babban fifiko yakan buƙaci wani abu da ke hannun mai ƙaramin fifiko, misali wani bayani da ƙaramin ya kulle yana rubutu a ciki. Babban ya zauna jira. Ƙaramin kuma ba ya samun furosesa ya ƙarasa ya saki, domin matsakaita sun tare hanya. Sakamako, babba yana jiran matsakaici, an kifar da tsarin gaba ɗaya. Wannan matsala ta taɓa kaiwa har duniyar Mars. Na'urar Pathfinder da hukumar NASA ta saukar a can ranar 4 ga Yulin 1997 ta riƙa kashe kanta tana tashi, saboda wani ƙaramin aikin auna yanayi ya riƙe makullin da babban aikin isar da bayanai ke jira, aikin sadarwa mai matsakaicin fifiko kuma ya hana ƙaramin motsi. Injiniyoyi suka gano abin a kwafin na'urar da ke ɗakin gwajinsu, suka aika gyara daga ƙasa: duk ƙaramin da ya riƙe abin da babba ke jira, a ara masa fifikon babban har ya saki. Android ma tana amfani da wannan dabara a hanyar da manhajoji ke magana da sassan tsarin. Na kawo wannan ne don a ga cewa wanda ya danne ayyukan baya iya ƙarfinsa yana iya danne fuskar da yake son ceta.

Shi ya sa nake jin takaicin manhajojin nan masu hoton tsintsiya ko roka, masu alƙawarin wanke waya da ƙara mata gudu. Wani ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, duba mini, kullum ina share ta amma sai ƙara nauyi take." Na duba, na tarar da irin waɗannan manhajoji jere, kowacce tana zaune a baya, kowacce tana sauko da talla, kowacce tana tashi lokaci-lokaci ta kashe 'yan uwanta. Abin da suke kashewa yawanci barci yake yi, ba ya cin furosesa ko kaɗan. Suna kashe shi, Android ta sake tayar da wanda ake buƙata daga farko, tayarwar kuma ita ce mai tsada, tana cin lokaci da batir a daidai sa'ar da kake son fuska ta tafi sumul. Google da kansa ya gaji da abin: daga Android 14, wadda ta fito a 2023, manhaja ba ta da ikon kashe ayyukan bayan fage na wata manhaja ta wannan hanya, sai nata. Haka zancen "takwas da takwas" ɗin mai shago. Takwas ta biyun aro ce daga ma'adanar waya, wadda ta fi RAM na gaske jinkiri nesa ba kusa ba. Tana iya hana a rufe manhaja da wuri, amma ba ta ƙara wa zaren zane ko milisakan ɗaya.

Masu gina manhaja na gida ma suna da nasu kason. Akwai manhajar wani banki a wayata da in na zo buga lambar sirri, sai na danna lamba ta uku kafin ta farko ta bayyana. Irin wannan ba laifin furosesa ba ne. Alama ce ta an ɗora wa babban zaren manhaja aikin da ba nasa ba, kamar karanta fayil ko warware wani dogon bayani, alhali shi ne ke sauraron yatsa. In ya daskare har sakan biyar bai amsa taɓawa ba, Android takan fito da akwatin nan mai tambaya ko a rufe manhajar ko a jira. Akwai kuma wata ƙaramar ƙa'ida da matasanmu masu koyon sana'ar ya kamata su riƙe: sabon zare yana gadon fifikon wanda ya haife shi. In babban zare ya buɗe ma'aikata goma don sauko da hotuna, mai rubutun bai sauke musu lamba ba, to ya tara wa kansa abokan gasa goma masu ƙarfi irin nasa. Layi ɗaya na rubutu ke gyara wannan. Amma wanda ke gwada manhajarsa a waya mai tsada cikin ofis mai sanyi ba zai ga matsalar ba, sai mai itel a bakin kasuwa.

Santsi kuma yana da farashi, wani ne ke biya. Hanya mafi arha ta sa waya mai rauni ta yi kamar mai ƙarfi ita ce a shaƙe duk abin da ba ya gaban ido. Wasu kamfanonin sukan wuce abin da Android ta tanada, su ƙara nasu tsarin na kashe manhajojin baya da zarar an kashe fuska. Wayar tana tafiya lafiya lau a hannun mai saye a shago, batir yana kwana. Amma mai shagon hatsi da ke jiran shigar alat kafin ya saki buhu, alat ɗin ba ya zuwa sai ya buɗe manhajar da hannu. Manhajar kiran salla ta yi shiru da asuba. Wanda ya dogara da wata manhaja ta tashe shi sahur ya farka ana sallame salla. Ba wanda ya tambayi waɗannan mutane ko sun yarda a sayar musu da santsi a bakin alat. Mai wasan gem da mai sayar da hatsi ba buƙatarsu ɗaya ba, amma wani injiniya a Shenzhen ko Seoul ya zaɓa musu abu ɗaya.

In ana ganin zargi ne kawai nake yi, ga abin da ya fito fili. A watan Yulin 2021 shafin nazarin na'urori na AnandTech ya gano cewa wayar OnePlus 9 Pro tana ɗauke da jerin sunayen manhajoji sanannu, har da Chrome da Twitter, waɗanda ake hana su hawa babbar ƙwaƙwalwar furosesa ko a rage musu ita, yayin da manhajojin gwajin ƙarfin waya ke samun komai a buɗe. Kamfanin ya amsa cewa ya yi hakan ga manhajoji kusan 300 don tattalin batir da rage zafi. Geekbench, ɗaya daga cikin masu gwajin, ya cire wayar daga jadawalinsa. A watan Maris na 2022 irin haka ta tashi a Koriya ta Kudu kan wani sashe na wayoyin Samsung mai suna Game Optimizing Service. Masu amfani suka fitar da jerin manhajoji kusan 10,000 da suka ce yana cikinsa, babu manhajojin gwaji a ciki. Samsung ya ce wasanni kaɗai abin ke shafa. Duk da haka Geekbench ya cire wayoyin Galaxy S daga S10 har zuwa S22, kuma ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin, Han Jong-hee, ya nemi afuwa a taron masu hannun jari. Kafin su, a ƙarshen 2017, Apple ya amsa cewa yana rage gudun tsofaffin iPhone masu gajiyayyen batir, har Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 a 2020, kuma tarar ta rashin sanar da masu saye ce.

Dalilan da kamfanonin suka bayar ba ƙarya ba ne, kuma a nan nake rabuwa da masu ihun an cuce su. Furosesa in ta yi gudu tana zafi, in ta yi zafi tilas a rage mata, in ba haka ba batir ya lalace ko wayar ta gagari hannu. Wannan ya fi shafarmu fiye da mutanen da aka ƙera wayar a garinsu. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram cikin watan Afrilu, zafin iska kaɗai yakan wuce maki 40, wayar kuma tana cikin roba mai kauri, a aljihu, ko a kan teburin mai caji cikin rana. Ta fara aiki ne tana dab da iyakar da wayar wani a Turai sai ta yi dogon wasa take kaiwa. Don haka ni ina son waya mai hankali, wadda ta san karanta saƙo ba ya buƙatar babbar ƙwaƙwalwa. Abin da ya ɓata lamarin shi ne ware manhajar gwaji. Da zarar ka rubuta wa wayarka cewa in mai awo ya zo ta saki jiki, in mai ita ya zo ta tsuke, ka bar batun tattalin batir ka shiga batun algus. Lambar da aka tallata da ita ba lambar da aka sayar ba ce.

Sabon yayin kuma shi ne gilashi mai sauke hoto 90 ko 120 a sakan, har a wayoyi masu arha. A kwali abin burgewa ne. Amma a 90 wa'adin kowane hoto ya koma milisakan 11.1, a 120 kuma 8.3, rabin na da. In furosesar da ke fama da 16.7 ce aka ce ta gama a 8.3, za ta fi zubar da hotuna, ta fi zafi, zafin ya jawo a rage mata gudu, ta ƙara zubarwa. Sau da yawa irin wannan waya in ka shiga saitin fuska ka mayar da ita 60 sai ta fi daɗin hannu, batir ma ya ƙara jimawa.

Kuma ba sai an ɗauki maganata ba, ana iya ganin abin da ido. A shiga saitin waya, wajen bayanin wayar, a danna Build number sau bakwai, sai wani ɓoyayyen sashe mai suna Developer options ya buɗe. A cikinsa akwai Profile HWUI rendering. A zaɓi a nuna shi a kan fuska. Nan take wasu sanduna masu launi za su fara tsirowa daga ƙasan gilashi, kowace sanda hoto ɗaya ce, tsawonta kuma lokacin da ta ci. Akwai koren layi a kwance wanda ke nuna wa'adi. Ka ja jerin hira a hankali, za ka ga sandunan gajeru, suna tafe ƙarƙashin layin. Ka buɗe guruf mai cike da hotuna ana cikin sauko da bidiyo, sai ka ga wasu sun yi tsalle sun huda layin, a daidai lokacin da yatsanka ya ji cijewar. Ka maimaita bayan wayar ta yi minti ashirin tana ɗaukar bidiyo a rana, ka ga yadda dogayen suka yawaita. A manhajar bankin da na ambata, kowace lamba na danna sai sanda ɗaya ta miƙe har kusan tsakiyar gilashi. In an gama a kashe shi, kada a taɓa sauran abin da ke sashen ba da sani ba.

Wannan gwajin nake so matasan da ke nazarin waya da Hausa a YouTube da TikTok su riƙa yi, maimakon karanta mana kwali da nuna lambar Geekbench da aka ɗauka a ɗaki mai sanyi a ranar farko. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ita ma tana da abin tambaya ga duk kamfanin da ke shigo da waya Najeriya: shin akwai jerin manhajojin da ake rage wa gudu ko ake kashewa a baya, kuma mai waya yana iya gani ya cire wadda yake so? Buƙatar ba ta wuce shafi ɗaya a cikin saiti ba, mai nuna abin da aka danne da dalili, da maɓallin da mai hatsi zai ce a bar masa manhajar bankinsa a farke ko da batir zai ragu. Masu cewa wannan zai yi wa kamfanoni wuya su duba abin da ya biyo bayan tonon sililin. Apple ya saka maɓallin kashe rage gudun a iOS 11.3, cikin watan Maris na 2018, wata uku bayan ya amsa laifi. Samsung kuwa, watan da rigimar ta tashi bai ƙare ba sai da ya fara tura sabuntawar da ke ba mai waya zaɓi.